A Maamobi Mace Ma "Shi" Ce

Ni dai an san ni, babu Hausar da kunnena bai iya ba, ko ta aljanu ce. Da wannan taƙamar muka tashi a mota da asuba daga Kano. Legas, Kwatano, Lome, kowace iyaka sai an sauke mu an ƙare mana kallo kamar awakin sata.

Duba lafiyar yayata ne ya kai ni Accra. A unguwar Maamobi take sayar da waakye, wato wake da shinkafarmu da suka sake wa suna. Shekara biyu ke nan da yi mata aikin mahaifar da ta zazzago. Likita ya gargaɗe ta cewa ɗinkin kan saki, in ta ci gaba da ɗaukar nauyi wuƙa ta biyu na jiranta. Mijinta ya rantse mini a waya ko buta ba za ta ɗaga ba.

Trotro, wato ƙaramar bas ɗinsu ta haya, ta zubar da ni a Nima, unguwar da ke manne da Maamobi, na ratsa lunguna ina tsallake kwata. Kafin na shiga gidan na tare maƙwabciya: "Hajiya, wa ke ɗora tukunya yanzu?"

"Shi ne mana! Kullum shi, ya ɗora, ya sauke."

Na rungume mijin, na kira shi namijin duniya, na ɗora masa hular da na sayo wa kaina. Ya karɓa, ko kunya!

Da safe me zan gani? Yaya ta rungumo tukunyar da za ta yi wa ƙarti uku wanka, tana cije leɓe, shi kuwa yana kan benci da hulata yana jin rediyo. Ashe a Hausar Zangon nan mace ma "shi" ce! Na yi faɗan da sai da ladanin unguwa ya leƙo. Na ce masa, matarka ce ko jaka?

Na ja ta asibiti. Likitar da muka samu ta ce abin ya fara saukowa. Ta sa mata zoben roba ya tallafe, ta ce in aka koma ga tukunya, sai tiyata. Ban bar Maamobi ba sai da na ga tukunyar a hannun mijin kwana uku a jere. Hulata kuwa na ƙwace.

Na dawo Kano da darasi: rantsuwar waya ba ta ɗaga tukunya, kuma in an ce "shi", tambayi suna. Ina cikin zuba wa maiɗakina labari, ta dire jarkar ruwa tana haki, ta ce, "To malam mai jin Hausa, a gidan nan fa? Shi ko ita?"