Motar Sanda a Bayan Jakin Surukinsa

Duk wanda ya noma kaɗa, wato auduga, a kwarin Majiya a shekarun farko na samun 'yancin kai ya san Sanda mai awo, mutumin Tama. Dogo ne siriri, tafiyarsa a miƙe, don ya yi sojan Faransa shekara huɗu kuma bai yarda kowa ya manta ba. Abokan tafiyarsa sun dawo da keke ko teburin ɗinki, shi kuwa abin da ya dawo da shi takardar tuƙin mota ce, wadda ake ce wa farmi. Ya sa baduku ya ɗinka mata gidan fata, ya ajiye ta a cikin gwangwanin shayi. Shekara goma sha biyu tana nan a kwance, a garin da mota ba ta kwana.

Aikinsa awon kaɗa ne a wani kamfani mai buro, wato ofis, a Madawa. Ba a taɓa jin ya danne sikeli ba, manoma suna sonsa, yana kuma da fara'a. Amma akwai wata magana da ta tsaya masa a wuya. Lokacin da aka je nema masa auren Jaratu, ubanta Baba Bawa ya ba da ita ba gardama, sai dai ya ƙara da cewa, "Yaron kirki na, amma ko akuya ba shi da. Kayan mutane yaka aunawa." Wani mai neman lada ya kawo wa Sanda maganar da ɗuminta. Tun daga ranar burinsa guda ne a duniya, Baba Bawa ya dube shi ya ga mutum.

Wahalar ita ce Baba Bawa ba ya dubansa, shi ma ba ya duban Baba Bawa. Kunyar suruki a wajen Sanda ta wuce ta kowa. Bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In ya hango malafar tsohon a hanya, sai ya ratse cikin gona, ya yi zagaye ta bayan kara, ya fito can gaba da ƙaya a wando. In kuwa an yi kiciɓis ba mafita, zai tuɓe takalma ya durƙusa, su gaisa kowa yana kallon ƙasa.

A shekarar 1966, da aka fara sayen kaɗa, shef ɗin buro, wani Ba'adare mai suna Iliyasu, ya kira shi Madawa. Ya ce an ƙara masa girma, daga yanzu shi zai riƙa zagaya wuraren awo na ƙasar Buza.

"Abu biyu na, ka zaɓi guda," in ji shef. "Ko ka ɗauki motar kamfani, isansin da za ta sha da gyara duk namu na. Ko kuwa mu riƙa ba ka kuɗɗin abin hawa kowane wata, ka sayi doki ko raƙumi, shi zan naka. Amma mota tana da doka. Ba ka ɗaukar kowa, ko uwarka ta, kuma inda anka ce ka kai da hantsi, da hantsi za ka kai."

Sanda ya riga ya buɗe baki, shef ya ɗaga hannu. "Tahi da ita kwana bakwai, ka dawo ka hwaɗa mini."

Motar ƙarama ce, ruwan toka, jikinta layi-layi kamar kwanon rufi, in ta sha kwana sai ta karkace har ka ce za ta kwanta. A idon Sanda kuwa babu irinta daga nan har Tawa. Ya shigo Tama da la'asar, ya yi ta danna ƙaho ba kowa a gabansa, kaji suka watse.

Jaratu ta fito ta zagaya motar sau ɗaya, hannunta a ƙugu. Mace ce da ba ta ɓata magana.

"Malam, ka amshi kuɗɗin," ta ce. "Doki in ya tsuhwa namu na. Wagga kau, ran da sunka ga dama su aiko a tahi da ita. Kayan mutane ta."

Da ta zaɓi wata kalmar da ya fi. Sanda ya ɗaure fuska, ya ce mata ba su san mota ba. Ya sa aka wanke ta da ruwan da Jaratu ta jawo don sha, ya kuma sami dalilin bi ta ƙofar gidan Baba Bawa sau biyu a yini guda. Duk biyun tsohon yana garka yana ban-ruwan albasa, bai gani ba.

Kwana na biyar ya faɗo ran kasuwar Buza, shef kuma ya ce su haɗu can da hantsi, manoman ƙauyuka uku za su kawo kaɗa. Sanda ya goge takalmansa na soja har suna ɗaukar ido, ya rataya farmi a wuya, ya kama hanya. Yana wuce 'yan kasuwa yana ɗaga musu hannu, ransa fari tas.

Inda hanya ta fara hawa tudu, ta matse. Dama duwatsu ne baƙaƙe, hagu kwazazzabo, tsakiya kuma faɗin mota guda. Yana shan wata kwana sai ga jaki a gabansa da mangalar albasa, a bisa wani tsoho ya miƙe ƙafafu. Sanda ya san malafar nan ko a mafarki, mai baki ɗaya a cinye.

Ya taka birki, ya zauna yana tunani. Danna wa suruki ƙaho, wannan ko mahaukaci ba zai yi ba. Ya matse shi gefen dutse ya wuce, yana zaune a kujera, ya bar shi da hayaƙi? Ina. Ya ɗauke shi kuwa, kamfani ya hana, ko da bai hana ba, yaya za a yi su zauna kafaɗa da kafaɗa a cikin wannan ɗan akwati? Da a ƙasa yake da tuni ya shige cikin duwatsu. Sai a lokacin ya lura da abin da ba su koya masa a soja ba, mota ba ta ratse.

Ya ce to, bari ya jira tsohon ya yi nisa. Ya kashe mota, ya jira har ya gaji, ya sauka ya murɗa ƙarfen tayar da ita har zufa ta keto masa. Kwanar hanya biyu kacal ya sha, sai ga malafa. Jakin Baba Bawa ya tsufa tare da ubangidansa, ba ya sauri don kowa.

Daga nan Sanda ya sallama. Ya tuɓe takalma ya ajiye a kujerar gefe, don bai kamata ya bi bayan surukinsa da takalmi ba ko da a mota ne. Ya sa ƙafa tsirara a kan ƙarfe mai zafi, ya bi jaki a hankali, taki goma tsakani.

Duk waɗanda ya wuce da safe suka fara wuce shi. Mata masu ƙwaryar nono a ka suka raɓa ta gefen mota, kowacce ta leƙo ta ce, "Sannu da tahiya, mai awo." Wani makiyayi ya bi ta cikin duwatsu da tumakinsa, yana waiwaye. Can sai ga Jima, taubashin Sanda, a kan raƙumi, wanda Allah bai halicci abin dariya ya ɓoye masa ba. Ya dubi jaki, ya dubi mota, ya dubi takalman da ke zaune a kujera.

"Ashe ka samu hwasinja," ya ce. "In jaye ka da igiya, ko kana jiran jakin shi ba ka hanya?"

Sanda ya ci gaba da bin jaki. Abin da ya fi cin ransa shi ne Baba Bawa bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Ƙarar mota tana bayansa, mutane suna dariya, tsohon ya kafe wuya yana kallon kunnen jakinsa. Har da hanya ta buɗe a bisa tudu, bai kauce ba, Sanda kuma bai iya wucewa ba. Ya ce a ransa, da gangan yake yi, so yake duniya ta ga mai kayan mutane. Baƙin ciki ya cika shi, har idonsa ya kawo ruwa.

Haka suka shiga Buza ana shirin azahar, jaki a gaba, mota a baya tana fitar da tururi ta hanci, 'yan kasuwa sun yi layi suna kallo. Baba Bawa ya karkata wajen masu albasa, ya sauka da wani irin sauri da ba a san shi da shi ba, ya ɓace bayan rumfuna.

Shef Iliyasu yana tsaye a gindin sikeli, manoma sun gaji da zama a kan buhunansu.

"Mota ta lalace?"

"Lahiyarta lau, shef."

"To mi yat tsai da kai?"

"Hanyar guda ta," in ji Sanda. "Akwai mutum gabana."

"Wane mutum na wanda ba a wucewa?"

Sanda ya dubi ƙafafunsa, sai ya ga har yanzu ba takalmi. "Uban Jaratu na."

Shef ya juya baya yana gyara hula, kafaɗunsa suna rawa. Da ya juyo ya ce, "Ni shi yas sa na auro daga Maraɗi, suruki na nesa." Sannan ya gyara murya. "Amma Sanda, kasuwar Buza kowane mako tana ci, tsohon ga kau ba ya hwashinta. Kamfani ba shi iya jiran jaki. Mi kaz zaɓa?"

Saura kwana biyu a cikin bakwai ɗin, amma Sanda ya san amsar ba za ta sake ba. Ya ɗauko takalmansa daga kujera, ya miƙa makulli, ya ce a rubuta masa kuɗin abin hawa. Da yamma Jima ya goyo shi a bayan raƙumi har Tama, kuma don a faɗi gaskiya, ya tausaya masa, sau uku kawai ya tayar da zancen.

Washegari Sanda bai fita ba. Yana kwance a zaure sai ga Jaratu ta dawo daga gidansu, da wani abu mai nauyi a ka, an naɗe shi da tsohon zane. Ta sauke, ta zauna, ta yi ta dariya har tana share ido.

"Baba na kwance, wuya nai ya sage," ta ce. "Ya ce tun daga gindin tudu yas san kai na. In ya waiwaya, ko ya kauce, dole ka sauko ka durƙusa cikin duwatsu gaban 'yan kasuwa, shi kau bai so a ga haka. Ga shi ya sha kunu ƙwarya guda kahin shi hita. Tun rabin hanya yaka son sauka shi kama ruwa, yana jin kunyarka."

Sanda ya tashi zaune.

"Ya ce shekara sittin yana bin hanyar Buza, ba a taɓa yi mai rakiya irin ta jiya ba. Ya ce mutumen da ad da mota, shef nai na jiran shi, yaƙ ƙi wuce tsoho bisa jaki, wanga ɗa na." Ta kwance zanen. "Ya ce a ba ka."

Sirdi ne, na dokin Baba Bawa da ya mutu tun Jaratu tana ƙarama. 'Ya'yansa maza biyu sun roƙe shi ya hana su. Sanda ya sa hannu a kan fatar yana shafawa, daɗi ya cika shi.

"Amma ya ce don Allah ka sayi doki da wuri," in ji Jaratu. "Doki ya san daji."

Sanda ya sayi wani jan doki a kasuwar Madawa, farmi ya koma gwangwanin shayi. Shekaru da yawa bayan haka, ran kasuwar Buza, in Sanda ya hango malafa a gaba, sai ya ja linzami ya faɗa cikin duwatsu ko cikin kara, ya zagaya. Baba Bawa bai taɓa waiwayowa ba. Sai dai in ya ji ƙarar kofato ta gefensa, yakan sunkuya ya ce wa jakinsa, da ƙarfin da mai doki zai ji, "Yi sannu, ɗana na wucewa."