Baba Toshe da Ruwan da Bai Iso Gidansa Ba

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofa, Baba Toshe ya riga ya ɗaure diga da sifana a bayan kekensa. Ba ya sauri, kuma kansa kullum a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Duk inda ya ga ciyawa ta yi kore shar da rani, ko kwalta tana gumi, sai ya jingine keken ya hau tono. Ma'aikacin hukumar ruwa ne, aikinsa toshe bututun da ke yoyo. A makon jiya ya ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji.

Abin takaici, garin nan bai taɓa murnar ganinsa ba. Kafin ya yi gyara dole ya rufe ruwan layin, don haka da an hango kekensa sai mata su hau cika bokitai suna mita: "Ga sarkin ɗauke ruwa nan ya iso." Ruwan da aka tace da magani mai tsada, aka ƙona mai aka turo shi, shi ne ke kwarara cikin kwata yana cinye titi yana tara sauro, amma wannan bai dami kowa ba. Rufewar rabin yini ita ce laifi.

Masu shagunan bayan kasuwa ba su manta da babban bututun da ya fashe a wurinsu ba. Ya daɗe yana ambaliya har masu wankin mota suka kafa rumfa a kai. Ranar da Baba ya zo, babban masu wankin ya tare shi.

"Baba, don Allah a nan muke cin abinci. Ruwan gwamnati ne, na gidanka ne?"

"Wallahi na gidana ne, ɗana," in ji shi. "A hanya ka tare shi."

Suka yi dariya, wani ya hankaɗe shi ya faɗa ramin da ya tona. Ya tashi jiƙe sharkaf, ya ƙarasa aikinsa. Tun daga ranar yake ɗingishi.

Da ya ce ruwan na gidansa ne, ba wasa yake yi ba. Gidansa yana kan tudu, a can ƙarshen bututu, inda ruwa ba ya hawa sai da ƙarfi, kuma kowane yoyo a ƙasa rage wannan ƙarfin yake yi. Matarsa, wadda unguwa ke kira Goggo, ta tsufa tana jiran 'yan garuwa, ranar da ba su hawo ba ta ɗauki jarka da kanta. Tana yi masa tsiya: "Malam, ka shayar da gari, matarka na wanka da kofi." Shi kuma ya ce, "Yana tafe, Goggo." Ruwan kuwa ya taho, a hankali, layi bayan layi. Bara ya iso layin da ke ƙasa da nasu, yara suka yi ta ihu a bakin famfo. A nan ya tsaya.

Kai ne mai shiga taɓo don wani ya sha garau, Baba Toshe. Kai ne aka zaga da safe, aka sha ruwanka da yamma. Ka ba da ƙarfinka har ya ƙare, saura layi ɗaya, kuma layin naka ne. Wannan abu yana ci mini rai.

A ɗan taron sallamar da abokan aikinsa suka shirya, an ce ya yi jawabi. Ya miƙe da ƙyar, ya dafa kujera, ya dubi Goggo. Ita ce ta ce, "Zauna, Malam, na yafe maka."

Mun gode, Baba, Allah Ya saka da alheri, ko da godiyar ta zo a makare. Mu kuma da muka rage, in mun ga ruwa na gudu a titi, kada mu tattare riga mu tsallake. Mu kai rahoto, mu koma mu sake kaiwa, in mai gyara ya zo mu ba shi wuri. Akwai wata tsohuwa a kan tudu da har yau take jiran ruwan nan.