Hujin Jaridun Hadil

Hadil 'yar Faki Idi ta unguwar Alsawra da tagulla ta fara. A makarantar zane ta Kartum ta koyi kankare hoto a farantin tagulla, ta shafa tawada, ta danne a kan takarda. Da tagulla ta yi tsada ta koma katako. Katako ma ya bi sahu, ta koma tsofaffin jaridu, tana yaga tana liƙawa da ƙaro, daga baya tana jiƙa su ta gina tuluna. Masu zuwa kallo suka ce fasaharta tana ci gaba.

Uban ya sa sharaɗi ɗaya. Jaridun na Larabci ne, da wuya shafin da ba a ambaci Allah ba, balle na ta'aziyya. Takarda ba ta shiga ruwa sai ya karanta ta, ya yanke kowane suna mai tsarki da reza. Tulunan suka fito duk huji, masu saye suka ce hujin suke so.

Sai yanar ido ta kama tsohon. An sa masa ranar aiki a asibiti, yaƙi ya riga ranar zuwa. Asibitin ya rufe, jaridu suka daina fitowa. Tarin da ke ɗakinta kaɗai ya rage mata, bai karanta ko rabinsa ba.

Ta ce wa uban, "Yaba, ni ma na iya karatu. Bar ni in yanke."

"Ke da kika taɓa naɗo min gyaɗa a shafin mamata?"

"Ina yarinya fa lokacin."

"Ba wanda ya gaya min kin canja."

Za ta iya jiƙa su bai sani ba. Wata rana har ta cika kwano da ruwa. Ta hango shi a tsakar gida yana laluben buta, sai ta kai masa ruwan ya yi alwala.

Yanzu da hantsi takan zauna kusa da shi ta karanta masa jaridun shekarun baya, layi-layi, har tallan firji. In ya ce yanke, ta yanke. Wani lokacin yakan tsayar da ita a sunan mamaci, ya ce sun yi noman auduga da kakan mamacin a Jazira, shafin ya kwana nan. Ta daina gina tuluna. Finjali take yi, kuma wanda ta fara da damina har yau ba shi da baki.