Malam Yamusa Mai Tsayawa Bayan Kujera

A'a, ɗan nan, tsaya in gama. Na san kai ne sakataren ƙungiyar masu shagunan benen nan, amma ni shekara goma sha tara ina soya masa a gindin matakalar nan, na riga sakatarcinka zuwa. Ka ce wai don me za a tara mutane ranar Asabar a yi wa mai gyaran firinta walimar sallama, tunda ba injiniya ba ne, ba shi da takarda. To ni ma ba ni da ita. Zauna marar takarda ta ba ka labarin marar takarda.

Daga Masaka Malam Yamusa yake fitowa. Motar farko yake shiga don ya riga cunkoson Nyanya, ƙarfe bakwai yana Wuse. Jakarsa ɗaya ce, zif ɗinta ya daɗe da mutuwa. A ciki akwai sukundireba, da wayoyi, da tsohon burushin haƙori na share ƙura. Zai ci masarsa a tsaye, ba yaji, sannan ya ce, "Dada, wa ya kwana da ciwo?" Ni nake gaya masa, don duk wanda injinsa ya ƙi, a gabana yake fara zagi kafin ya hau sama.

Shekarun baya kwamfutocin benen nan suka tsufa, kowacce tana nishi, masu su suka ce sai dai bola. Shi ya ce a dakata. Ya sa musu wani abu wai shi Linaks, wanda ba mallakar kowa ba ne, mutane ne daga ƙasashe suka haɗu suka yi, mai so ya ɗauka. Kwamfutocin suka farfaɗo. Amma firinta da sikana ba kowacce ce ta yarda ta gaisa da baƙon ba. Wata ta amsa nan take. Wata sai da ya nemo mata abin da suke kira direba, wai shi ne tafinta tsakaninta da kwamfuta. Faks ɗin lauyan hawa na biyu, wanda kowa ya ce a yi masa jana'iza, yini uku ya yi a kansa har ya saki kukan nan nasa irin na ɗan akuya, takarda ta fito. Lauyan don murna har ni ya miƙa wa hannu, ya manta.

Abin da nake so ka kula da shi, mutumin nan ba ya zama a kujera. In an kira shi, sai ya tsaya a baya, ya haɗa hannuwansa a bayansa, ya ce wa mai ƙorafin, "Zauna. Yi yadda ka yi ɗazu." Wasu suna jin haushi, su ce sun kira mai gyara ya zo yana sa su aiki.

Yanzu zancen Maimunat. Ka san ta, mai buga takardu a shagon Oga Lukmanu, shago na huɗu. Bara ta dawo daga hutun haihuwa, ta tarar an canja kwamfuta. Lokacin Malam Yamusa ya tafi gida haƙar doya, sai ogan da kansa ya buɗe mata wurin shigarta, da sunanta da fasuwad ɗinta. Firinta tana yi mata aiki. Sikana kuwa, in ta ɗora takardar kwastoma ta danna, shiru, kamar babu ita a shagon. Sai ta kira oga. Oga ya zo, ya ce tashi, ya fitar da sunanta, ya shiga da nasa, ya danna, haske ya wuce fes. Ya juyo ya ce, "To ga shi. Me ya same ta?"

Haka aka yi kwana goma sha ɗaya. Masu neman aiki da masu biza suna zuwa da takardunsu, su gaji da jira, su sauka su tafi layin baya. Da farko aka ce haihuwa ta cinye mata kai. Daga nan aka ce farar ƙafa gare ta. Madam Helen mai fotokwafi, wadda suke cin abinci kwano ɗaya, ta hana ta jingina da injinta. Ran Laraba oga ya ce mata Juma'a ce ranarta ta ƙarshe. Ta sauko ta zauna a bencina da goyo, na zuba mata kunu, har ya huce ba ta sha ba. Mijinta yana kwance tun hatsarin babur. Ba ta yi kuka ba, sai cewa take, "Dada, wallahi yadda yake dannawa haka nake dannawa."

Ran Alhamis Malam Yamusa ya dawo. Da ya tambaye ni wa ya kwana da ciwo, na ce yau ba inji ba ne. Na bar kaskona na bi shi sama, da gwiwar nan tawa.

Oga Lukmanu yana ganinsa ya ja kujera. "Malam, kar ka wahala, sikana lafiyarta lau. Bari in nuna maka."

"Oga, kai ka yi ƙorafi?"

"A'a."

"To tashi. Madam, zauna. Yi yadda kika saba."

Ta shiga da sunanta, ta ɗora takarda, ta danna. Shiru. Oga ya buɗe tafin hannu yana kallon mutanen da suka taru a bakin ƙofa. Malam Yamusa bai kalli kowa ba. Ya ce ta sake. Ta sake. Sai ya sunkuya ya buɗe baƙin allon nan nasa mai fararen rubutu, ya duba wani abu, ya miƙe.

"Oga, kai ka buɗe mata wurin shiga?"

"Ni ne mana."

"Ka buɗe mata falo, ɗaki yana kulle. Kwamfutar nan tana da jerin waɗanda aka yarda su taɓa sikana. Sunanka yana ciki, nata babu. Ko ni na shiga da sunanta, haka za ta yi min."

Ya sa oga ya buga fasuwad ɗinsa, shi kuma Malam ya rubuta layi ɗaya a baƙin allon, ya ce Maimunat ta fita ta sake shiga. Ta danna. Haske ya wuce. Bakin ƙofa ya watse kamar an yi ruwa. Oga ya yi tari, ya ce ai dama zancen Juma'a wasa yake yi. Na ce masa wasan ya yi kyau, Allah Ya sa kar a yi wa 'yarsa irinsa.

Bai tsaya nan ba. Wata shida, duk injin da ya ƙi a benen nan, sai ya leƙa shago na huɗu ya ce, "Madam, zo ki gani." Ita a kujera, shi a baya.

Sakatare, rubuta wannan a karanta masa ranar Asabar. Malam Yamusa, in sun karanta maka wannan, tunda idon ya fara gajiya, to ka ji. Kai ne ka fi kowa sanin inji a benen nan, kuma kai kaɗai ne ba ka taɓa ce wa mutum tashi ba ka iya ba. Kai ne mai tambayar mai ciwo inda ke yi masa ciwo. Mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya sa doyarka ta yi girma, Ya ba ka masu tsaya maka a baya. Ku kuma masu gyara da masu shago, kafin ku yanke wa mutum hukunci, ku bar shi ya zauna ya nuna muku.

Na ji ka, sakatare, ba sai ka ɗaga murya ba. Ka ce duk surutun nan a kan layi ɗaya ne, wanda bai ɗauke shi minti biyu ba. Gaskiyarka, layi ɗaya ne. Mutum biyu suka san shi a benen nan. Ɗaya zai ajiye aiki ya koma Masaka ranar Asabar. Ɗayar kuma ita ce wadda ka taya su kira mai farar ƙafa, ina zaune na ji ka. Ran Litinin in taka sikanar ta ƙi, shago na huɗu za ka je. Ka yi sallama da kyau.