Kwanon da Na Mayar wa Inna Sau Uku

Ana idar da sallar asuba muka bar Abuja, saura kwana biyu Babbar Sallah, mu bakwai a mota har da direba. Kuɗin mota ya kusa ninka na kullum, kuma babu wanda ya tsaya ciniki, don kowa ya san akwai masu jiran kujerarsa a baya. Kowa da tsarabarsa, wani atamfofi, wani takalman yara, wata baiwar Allah kuma da katan ɗin taliya a kan cinya. Ni kuwa abin da na rungume jaka ce mai riƙe sanyi, cike da kokwamba da latas da karas da tuffa, ga gwangwanin hatsin nan na Turawa da ake damawa da ruwan zafi. Wato ni haifaffen Mabera, zan je Sakkwato gidan uwata yin Sallah, amma na yi guzuri kamar mai shiga daji.

Ku da kuke bibiyata kun san dalili. Shekara shida ina zaune ni kaɗai a Abuja, abincina na mai shayi ne da safe, na mai tuwo da rana, da yamma kuma duk abin da aka soya a bakin titi. Wata takwas da suka wuce likita ya ce sukarina ya fara hawa, jinina ma ya bi sahu. Na tsorata, na gyara cina, tumbi ya sauka, daga nan sai kai ya kumbura. Na koma mai wa'azin abinci, ina ɗora muku hoton faranti safe da yamma kamar ni na ƙirƙiro ganye. Maganar likita ƙanwata kaɗai na gaya wa a waya, a taƙaice. Sallah uku ke nan ban je gida ba, kuɗin rago kawai nake turawa.

Hanya ta yi kyau har Zariya. Ruwa ya sauka, gonaki sun yi kore, manyan motoci cike da raguna suna ta wuce mu zuwa kudu. A Funtuwa direba ya tsaya cin abinci. Abokan tafiya suka zauna a rumfa kowa da malmalar tuwon shinkafa, mai na yawo a kan miya, ni kuma na zauna a gefe ina gatsar kokwamba. Da na yi shiru da an rabu lafiya. Sai na shiga yi wa dattijon da ke kusa da ni bayanin abin da mai yake yi wa jijiya. Ya saurare ni har ya suɗe hannu, sannan ya ce Allah ya ƙara mini lafiya, ya kira mai abinci ta ƙaro masa nama.

Daga Tsafe zuwa Gusau hira ta mutu. Shingen jami'an tsaro ya yi yawa, kuma akwai wuraren da direba ke taka mota kowa ya kama salati a zuci ba tare da an ce masa ba. Bayan Talata Mafara zafi ya fara magana da yarenmu. Na leƙa jakata na ga latas ya kwanta ya yi laushi kamar tsumma, na rufe da sauri kada dattijon nan ya gani.

Mun shiga Sakkwato bayan la'asar. Na hau keke mai ƙafa uku zuwa Mabera, kowace ƙofa da ragonta a ɗaure, ga guma-guman itace an jibge a bakin lungu, masu wasa wuƙa suna ta ciniki. Ina sa ƙafa a zaure ƙamshin suya ya tare ni, ana cincin da dubulan na Sallah a tsakar gida. Nan take na yanke wa gidan hukunci a raina, na ce duk abin da zai fito daga madafin nan a kwanakin nan ba nawa ba ne.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan dā ce masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta zama hira da ni, idan tana da magana sai ta faɗa wa wani ina zaune ina ji. Ta dubi ƙanwata ta ce, “Wanga ya rame. A kai mishi ruwa.” Iyakar marabar ke nan, kuma na san a wurinta daidai take da runguma.

Bayan magariba ƙanwata ta shigo ɗakin zaure inda na sauka, ta ajiye tire an lulluɓe shi da kyalle, kwano mai murfi a ciki, ta fita. Ban ko ɗaga kyallen ba. Na san abin da ke ciki, ko in ce na ɗauka na sani: shinkafa ce ta sha mai, da soyayyen nama a kai. Na tura tiren bakin ƙofa, na dama hatsina na gwangwani, na yanka tuffa, na ɗauki hoto na ɗora muku. Wasunku har suka yaba mini da ƙarfin hali.

Washegari ranar Arfa ce, duk gidan muna azumi. Na zaga gari da hantsi, na leƙa kasuwar dabbobi inda masu saye ke taɓa rago su ji kuɗi su saki kamar sun taɓa wuta. Tumatir da attarugu ma sun yi tsada, albasa ce kaɗai ta tuna a garinsu take. Da aka sha ruwa tire ya sake zuwa, na sake tura shi bakin ƙofa yadda ya zo. Na buɗe baki da dabino ɗaya da ragowar kokwamba da ta fara yauƙi.

Ranar Sallah muka sauko daga idi aka yanka raguna biyu, na Inna da na Kawu, ƙanenta da ke noma a Kwalkwalawa, wanda kullum a gidanmu yake layya. Wanda bai taɓa Sallah a Sakkwato ba bai san tareni ba. Ana feɗe rago a buɗe shi, a tsire shi da sanduna, a kafa su kewaye da wutar itace a ƙofar gida, maƙwabta kowa ya kawo nasa a jera. Haka zai wuni yana tsanewa, kitse na ɗiga ƙasa, ba a taɓa shi sai washegari. Abin da ake fara ci ranar hanta ce. An gasa ta, an yayyanka, Kawu ya miƙo mini a faranti a tsakar gida, Inna na zaune a inda ta saba.

Na ce na gode, ba na cin kayan ciki. Kawu ya ce, “Ko yanka guda ka ɗauka, don albarka. Ragon uwarka na.” A nan ma da na yi shiru. Sai na gyara tsayuwa na kawo masa karatun da na yi a waya, har da lissafa masa cututtuka, a gaban mata da yara da maƙwabcin da ya shigo barka da Sallah. Kawu ya janye farantinsa ya ce wa Inna, “Abuja ta sake mishi ciki.” Aka yi dariya kaɗan. Inna ba ta yi ba, ta dai sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta. Da yamma tire ya zo karo na uku, ya koma karo na uku.

Washegarin Sallah ana ta sassaka naman tareni ana rabo gida-gida, sai ga ƙanwata da tire da azahar. Wannan karon ba ta fita ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, “Yaya, yau ba ni tahiya sai ka buɗe. Jiya na aza cokali bisa murhi, yadda nis sa shi haka nis same shi. Ashe ko dibawa ba ka yi.”

Na ɗaga murfin don in rabu da ita. Tuwon dawa ne ɗan madaidaici, da dafaffen zogale, da tsokar kifi fara fat. Babu ɗigon mai, babu ƙuli a zogalen, babu ko jan yaji.

Sai ta ba ni labari, ni kuma ina zaune da murfi a hannu kamar wanda aka kama da kayan sata. Ashe ta riga ta gaya wa Inna maganar likita. Tun ranar da na ce zan zo Sallah, Inna ta sa aka kira mata wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar asibiti ta tambaye ta abin da mai sukari da hawan jini yake ci. Ta aika wa Kawu ya riƙa kawo zogale da rama da ɗanyen kifi daga Kwalkwalawa. Sati uku tana gwada girki da ɗan mai da ɗan gishiri, ba dunƙule, tana ba mutanen gida suna ci suna ƙorafi, har ta samo yadda zai yi daɗi da daddawa da citta. Ba ta yarda kowa ya dafa nawa ba, a kan kujera 'yar tsugunno take yi da gwiwar nan tata. Kuma ta hana a gaya mini, wai kada in ji an wahala saboda ni.

Da kwanon farko ya dawo, Inna ba ta kawo a ranta cewa ban buɗe ba. Wane ɗa ne uwarsa za ta aiko masa da abinci ya ƙi ko dubawa? Ta ɗauka na duba ne na ga bai yi daidai da dokar likita ba. Sai ta cire ɗan man da ta sa. Da na biyu ya dawo ta cire gishiri. Da na uku ya dawo ta cire ƙuli da daddawa da yaji. Abin da ke gabana shi ne abin da ya rage bayan ta cire komai. Tambayata kuwa ba za ta iya ba, ni ɗan fari ne.

Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na wanke hannu na ci. Ba ya da ɗanɗanon komai, ganye ne da ruwa, amma na cinye tas, ƙanwata na kallona.

Na ɗauki kwanon da kaina na kai ƙofar ɗakin Inna na durƙusa. Kafin in buɗe baki ta riga ni, tana kallon ƙanwata. “A ce mishi ya yi haƙuri. Ni ban iya cimakar likita ba. Na hidda mai, na hidda gishiri, ban san mi za ni hiddawa kuma ba.”

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, “Inna, ki gafarce ni. Ban taɓa buɗewa ba, sai yau.”

Ta jawo kwanon ta leƙa, ta ga babu komai a ciki. Sannan ta ce wa ƙanwata, a hankali, “Ashe hannuna bai lalace ba.” Ta ƙara da cewa a miƙo mata daddawa da kifin da ya rage.

Da magariba na ci na ainihin, irin wanda ta yi ranar da na iso. Miyar rama da kifi, mai kaɗan, daddawa ta kama ta, ga tuwon dawa mai laushi. Wata takwas ina sayen ganye mai tsada a manyan kantuna ban ci abin da ya kama ƙafar wannan ba. Na je na sami Kawu a bakin tokar tareni na ba shi haƙuri, ya yanko mini jan nama marar kitse ya ce hanta kam ta ƙare, sai baɗi in da rai.

Hutun aiki bai jira ni ba. Da sassafe na yi sallama, Inna ta ce wa ƙanwata a ce mini Allah ya kiyaye hanya, aka sa mini busasshen zogale da garin dawa a leda. Motar dawowa ba ta cika ba, hanya ma babu cunkoso, kowa na gida yana cin nama. A Funtuwa da aka tsaya na ci abin da ya sawwaƙa ban yi wa kowa wa'azi ba. Mun shigo Abuja ana kiran isha'i.

Ban bar dokar likita ba, kuma ba na ce wa kowa ya bari. Abin da na gano a tafiyar nan shi ne zaman nesa ya sa na koyi kula da jikina, amma ya sa na mance cewa akwai masu kula da shi tun kafin ni. Na ɗauki mutanen gidanmu marasa sani, alhali da gero da dawa da ganye aka raine ni, soye-soyen da suka kwantar da ni kuwa a Abuja na koye su. Hotunan da na ɗora muku a kwanakin nan na goge su, don duk wanda kuka gani, akwai kwanon Inna a bakin ƙofa da bai fito a ciki ba.

Idan za ku gida hutu da dokar likita, ku faɗa da bakinku tun kafin ku isa, kuma duk abin da aka ajiye muku ku buɗe. Inna ta tsufa, ban san Sallah nawa ta rage mana tare ba. Bayan shekara uku kwana huɗu kacal na samu a gidanta, uku daga ciki na bar ta tana ɗanɗana miyarta tana neman laifin da babu shi.