Ƙarshen Dodo Mai Agogo

Duk wanda ya ga Kawu Tsinke zai ɗauka rama ce ta jawo masa sunan. Ramar kam tana nan, har mahaifiyata, wato ƙanwarsa, takan ce in ya juya gefe sai an neme shi. Amma a gidan silima ya samo sunan. Shi ne mai kunna inji a ɗan ɗakin da ke sama, bayan 'yan kallo, kuma duk sanda zaren fim ya katse allo ya yi fari, sai jama'a su juyo su ɗauki ihu, "Ya tsinke! Ya tsinke!" Tun yana jin haushi har ya koma amsawa.

Da aka rufe silimar aka mai da ita rumbun siminti, mai wurin ya ce a zubar da gwangwanayen fim da suka rage. Masu kyau an riga an kwashe su. Abin da ya saura tarkace ne, na dodanni, na 'yan faɗa masu tashi sama, na matattun da ke fitowa daga kabari da hoda a fuska, irin waɗanda ko suna sababbi sai ranar da ba kasuwa ake sa su. Kawu ya ɗauko amalanke ya kwashe su kaf, har da tsohon injin, ya jibge a garejin gidansa da bai taɓa ganin mota ba. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji ta sa masa ido. Garejin tsami yake yi, warin tsohon fim in ya fara ruɓewa, kuma warin ya kama duk rigunansa.

Kowace Asabar da yamma yakan toshe tagogi da barguna, ya rataya farin zanen gado a bango, ya kunna. 'Yan kallonsa ba sa cika benci: wani tsohon direba, mai gyaran rediyon bakin layi, da wani da ake ce wa Malam Barci. Ni tun ina yarinya ake kai ni, da na girma na ci gaba da zuwa don tausayi. Finafinan kam ban taɓa son su ba, shirme ne tsagwaronsa.

Wanda suka fi so shi ne Dodo Mai Agogo. Su suka raɗa masa, don farkon fim ɗin ya daɗe da cinyewa, ba wanda ya san sunansa na gaskiya ko harshen da ake yi a ciki. Dodon wani ƙato ne cikin rigar roba, ya manta bai cire agogon hannunsa ba. Duk sanda ya ɗaga hannu zai shaƙe mutum, sai direba ya ce, "Ku bari ya duba lokaci tukuna." Shekara da shekaru, dariya ɗaya a wuri ɗaya.

Matsalar ita ce fim ɗin raguwa yake yi. In ya tsinke, Kawu ya sa reza ya yanke inda ya lalace, ya haɗa bakin biyu da salatif, a ci gaba. Yau taki ɗaya, gobe kamu guda. Har ta kai za ka ga mutum ya buɗe ƙofa, ƙiftawar ido sai ga shi kwance a asibiti. Abin da reza ta ci, Kawu ke cike shi da baki. "A nan da akwai wurin da ya faɗo daga bene," in ji shi, ba tare da ya ɗauke ido daga inji ba.

Ƙarshen kuwa babu shi gaba ɗaya. Gwangwanin ƙarshe ya narke ya dunƙule kamar kwalta. Fim yana tsayawa ne daidai inda dodo ya saɓa wata mata a kafaɗa yana hawa tsanin tankin ruwa, mijinta na ƙasa da bindiga. Allo ya yi fari, kowa ya juyo. Sai Kawu ya gyara murya, ya shiga cikin hasken, ya ba da ƙarshen da bakinsa da hannuwansa, inuwarsa na rawa a zanen gado. A nan kaɗai nake ganinsa ya cika ɗaki.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ka bari in ɗauke ka a waya kana ba da ƙarshen nan."

Ya harare ni. "Da raina za ki sa ni a gwangwani?"

Bara hawan jini ya kayar da shi a bakin garejin. Ya tashi, yana takawa, amma wani abu ya tafi. Yakan kira ni da sunan mahaifiyata, yakan tambayi matarsa ko baƙuwa ce. Duk da haka da Asabar ta zagayo ya kafe sai an toshe tagogi. Abin mamaki, hannuwansa ba su manta ba, ya zura zaren a inji tsaf ba kuskure. Direba ya yi barkwancinsa na agogo, muka yi dariya fiye da yadda ya kamata. Dodo ya kama tsani. Allo ya yi fari.

Muka juyo. Kawu ya gyara murya, ya shiga cikin hasken, ya ɗaga hannu. Hannun ya tsaya a sama.

Sai direba ya ce, "Ai mijin ne ya harbo shi, ko ba haka ba, Tsinke?"

"Ina!" in ji mai rediyo. "Matar ce ta ture shi cikin tankin."

"Ni tafi ne ke tashe ni kullum," in ji Malam Barci, murya ƙasa-ƙasa.

Suka dube ni. Na ji labarin nan sau ba adadi, amma da na laluba, inuwar hannun Kawu kawai na tarar. Kullum yana nan, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin riƙewa. Wani baƙin ciki ya kama ni, a kan fim ɗin da na raina tun ina yarinya.

Kawu ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana jira wani ya ɗora shi a hanya. Can ya sauke hannun, ya taɓa gefen kansa da yatsa.

"Ya tsinke," in ji shi. Ya juyo wurina. "Miƙo min salatif."

Na miƙa masa. Ya tsaya cikin farin hasken, inji na ta ƙara a bayanmu, yana juya salatif ɗin da farce yana neman bakinsa.