Orval Stuckey da Motar da Ta Tafi da Baya

Ƙarfe shida da rabi na safe Orval Stuckey yake buɗe ƙofar baya ta garejin, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Zai ɗora kofi a wuta, ya wanke hannu kamar mai shirin cin abinci, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan bencinsa, ya jera haƙoran giyar mota. Kafin ya haɗa su sai ya shafa musu rawayen fenti, ya juya su da hannu sau uku, ya duba inda fentin ya goge. A nan yake gane ko haƙoran sun yarda da juna.

Duk a kan idon Delmar Haskett ake wannan, mai haɗa inji, wanda bencinsa ke fuskantar na Orval. Delmar kakana ne. Shi ya ce in rubuta yadda abin ya faru, kada in yi masa kwalliya, kuma ina fatan ban yi ba.

A nan jihar Indiana ta Amurka mai haɗa inji ake yabo. Sunansa ake bugawa a jikin inji, shi ake ɗauka hoto da kofin nasara. Mai akwatin giya kuwa aikinsa yana can ƙarƙashin mota, ba a tuna shi sai ya lalace. Amma duk da haka Delmar ne mai kishin. Direbobi sukan gaisa da shi a gaban jama'a, in kuma wani abu ya tsorata su a kwana, wajen Orval suke zuwa su yi ƙasa da murya. Orval zai ɗora bakin sukudireba a jikin akwatin, ya kanga ƙotar a kunne, ya faɗi abin da ke ciki. In an buɗe, haka ne.

"Boka ya fara duba," in ji Delmar daga bencinsa.

"Kashe injin nan naka, tsoho, ya cika surutu kamar mai shi," in ji Orval.

Kai ne kunnen garejin nan, Orval. Kai ne wanda ka ɗora motar tseren wani likitan haƙori, Dakta Kessler, a kan sikeli huɗu, taya ɗaya a kowanne, ka nuna masa dalilin da take ƙin shan kwana: nauyin duk ya taru a hancin motar. Delmar ya ce a ƙara wa inji ƙarfi. Kai ka ce a mayar da injin bayan direba, a haɗe giya da aksil, ƙarfen da ke juya tayoyin baya, cikin akwati ɗaya, nauyi ya rabu. Likita ya bi taka, Delmar ya yi kwana uku bai ci abincin rana tare da kai ba.

Akwatin da aka samo an ciro shi ne daga motar da injinta ke can wutsiya. A motar likita kuwa sai an juya shi, kuma in an juya shi dole babban zoben haƙoran da ke tura tayoyi ya koma ɗaya gefen. Orval ya kwance komai ya jera a farin ƙyallensa, washegari ciwon ciki ya kai shi asibiti aka yi masa aiki.

Dokar garejin ɗaya ce: wanda ya taɓa bencin wani, ya kwashe kayansa ya tafi. Delmar ya yi kwana biyu yana kallon ƙyallen nan. Rana ta uku ya ce a ransa, mene ne a ciki, ba ƙarfe ba ne? Da ma'aikata suka fita cin abinci ya haɗa akwatin tsaf, ya ce wa kowa Orval ya gama shi kafin ya kwanta. Niyyarsa sai motar ta ci tsere ya faɗi wanda ya haɗa.

Ranar Asabar likita ya zo da matarsa da abokansa. Orval ma ya lallaɓo da sanda. Likita ya sa giya ɗaya, ya taka totur, mota ta zabura da baya, ta bi ta kan teburin abinci ta tsaya a jikin shinge. Giya biyar na baya, ɗaya ta gaba. Zoben yana gefensa na da, ba a mayar da shi ɗaya gefen ba.

Mai gareji ya tambaya a hankali, "Wa ya rufe akwatin nan?"

Delmar yana da yara huɗu a lokacin. In an kore shi, ba abin da za su ci.

"Ni ne," in ji Orval. "Ciwo ya ci mini kai."

Tun daga ranar sunansa ya koma Ribas. Shekara goma sha tara ana kiransa haka, har masu kawo kaya. Wasu direbobi sun ɗauke aikinsu sun kai wani wuri. Za a zaci kishin Delmar ya mutu a nan, amma ƙaruwa ya yi. Ya taɓa ce wa kakata, "Ya fi ni kunne, ya fi ni hannu, yanzu har a mutunci sai ya fi ni?"

Juma'ar da ta wuce aka yi walimar ajiye aikin Orval, da gasasshen nama da masara. Ma'aikata suka miƙa masa kyauta: 'yar motar roba an manna ta a kan katako tana kallon baya, da sunan Ribas a ƙasa. Ana ta dariya, shi ma yana yi. Delmar ya tashi ya karɓe ta daga hannunsa.

"Wannan tawa ce. Ni na haɗa akwatin likita."

Masu dariya suka juyo suna kallonsa.

"Zauna, tsoho, namanka zai huce," in ji Orval.

"Ba zan zauna ba. Me ya sa ba ka tona ni ba?"

"In an kore ka, wa zan riƙa zagi da safe?" Orval ya goge hannu. "Kuma da na buɗe shi na ga kusoshin sun ɗauru daidai. Zoben kawai ka sa a baibai."

"Shekara goma sha tara, yau ka ga damar yaba mini."

"Yau ka ga damar tambaya."

Mun gode, Orval. Ka yi shekara arba'in da ɗaya kana sa haƙora su zauna lafiya da juna inda ido ba ya gani, ka kuma ɗauki sunan da ba naka ba don gidan wani ya ci abinci. Duk wanda ke aiki kusa da mai jin zafinsa, ya dubi yadda mutumin nan ya yi.

Motar robar tana kan bencin Delmar yanzu. Ya kankare sunan da ke ƙasa ya rubuta nasa. Har yau yana kishi, ya ce in rubuta wannan ma.